Wa ya zuga Burutus? Muhawara kan zancen 'yan wasa a cikin Yuliyas Kaisar

Malam Kabir, Ƙofar Ƙaura:

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan'uwa malamai na wannan zaure. A makon nan na kammala kashi na ɗaya da na biyu na wasan Yuliyas Kaisar na Shekisfiya, wanda ya ba da labarin kisan Kaisar shugaban Rum, tare da ɗalibaina, sai wata yarinya ta yi mini tambayar da har yanzu nake juyawa a raina. Na gaya musu, kamar yadda mu ma aka koya mana, cewa Kasiyas, jagoran makircin, shi ne ya zuga Burutus, aminin Kaisar, har ya shiga cikin waɗanda suka kashe Kaisar. Sai ta ce ita ta duba fitowa ta biyu ta kashi na ɗaya, ba ta ga inda Burutus ya tanka ko ɗaya daga cikin labaran da Kasiyas ya ba shi ba. Na koma na duba, na tarar da gaskiyarta. Kasiyas ya ba da labarin ranar da suka yi gasar iyo a kogin Taiba, Kaisar ya gaza har sai da ya ɗauko shi a kafaɗa, ya kuma ba da labarin zazzaɓin da ya kama Kaisar a Sifen har yana nishi yana roƙon ruwa kamar yarinya marar lafiya, amma Burutus bai ce uffan a kan iyo ko zazzaɓi ba. Abin da kawai ya ce shi ne zai yi tunani, kuma gara ya zama baƙauye da ya kira kansa ɗan Rum a irin wannan hali. Ina neman ku taimaka mini: idan hujjojin Kasiyas ba su shige shi ba, mene ne ya shige shi?

Malama Hadiza, Daura:

Wa alaikumus salam Malam. A gaishe da wannan ɗaliba, domin ta karanta wasan da idonta. Ni a ganina amsar tana gaban labaran nan biyu, tun kafin Kasiyas ya fara su. Da aka ji sowar jama'a daga wajen bikin da Antoni, na hannun daman Kaisar, yake miƙa masa kambun sarauta, Burutus ne da bakinsa ya ce yana tsoron kada mutane su naɗa Kaisar sarki. Kasiyas bai ƙara komai nasa ba, cafke kalmar tsoro kawai ya yi, ya ce to ke nan ba ka son hakan ta faru. Can gaba kaɗan Burutus ya ce yana son mutunci fiye da yadda yake tsoron mutuwa, nan ma Kasiyas ya cafke, ya ce ai mutunci shi ne kan labarin da zai bayar. Wato duk ƙofar da ya shiga, mai gidan ne ya buɗe masa ita. Labarin iyo da na zazzaɓi kuwa ba su da alaƙa da mutunci ko 'yancin Rum, hassada ce tsagwaronta, kuma Kasiyas suke tona wa asiri. A nan marubucin ya yi aiki biyu da magana ɗaya: mai sauraro a dandali yana jin ƙyashin da ke cin Kasiyas, Burutus kuma yana tsallake wannan yana tsintar abin da ya dace da shi, wato tunatarwar da aka yi masa cewa akwai wani Burutus a cikin kakanninsa wanda ya kori sarauta daga Rum.

Alhaji Lawal, Rafindaɗi:

'Ya'yana, sannunku da ƙoƙari. Na koyar da wannan wasa shekaru masu yawa kafin in ajiye alli, kuma ina goyon bayan Hadiza, sai dai zan ƙara mata hujjar da ta fi tata ƙarfi. Ku buɗe farkon kashi na biyu, inda Burutus yake shi kaɗai a lambunsa da tsakar dare. Jimlarsa ta farko hukunci ce: dole sai an kashe shi. Bayan ya yanke hukuncin ne ya shiga neman dalili, kuma ya amsa da bakinsa cewa ba shi da wata ƙullalliya da Kaisar, bai ma taɓa ganin son zuciyarsa ya rinjayi hankalinsa ba. Da ya rasa laifin da aka aikata, sai ya koma ga laifin da za a iya aikatawa, ya ce a ɗauke shi kamar ƙwan maciji, a fasa tun bai ƙyanƙyashe ba. Duk alƙalin da ya fara da hukunci ya koma neman shaida, kun san ba shaidar ce ta kai shi ba.

Sannan ga wasiƙar bogi da Kasiyas ya sa aka jefa masa ta taga. Wasiƙar ba ta ma ƙarasa maganarta ba. Ta ce masa barci yake yi, ya farka, ta fara wata tambaya a kan Rum, ta bar ta da "da sauransu". Burutus ne ya cike gurbin da kansa, ya ce ai nufinta shi ne ko Rum za ta zauna ƙarƙashin tsoron mutum ɗaya. A duk wasan babu wurin da ya fi wannan nuna mini halinsa. An ba shi takarda mai rami, ya zuba abin da ke cikinsa, sannan ya ɗauka jama'ar gari ne suke kiransa.

Nura, ɗalibin jami'a, Katsina:

Baba, Allah ya ƙara girma, ina neman izini in ɗan saɓa. Idan muka ce da ma Burutus ya riga ya yanke shawara, to mun wanke Kasiyas ke nan, alhali shi kansa bai wanke kansa ba. A ƙarshen wannan fitowa ta biyu, da Burutus ya tafi, Kasiyas ya tsaya shi kaɗai ya ce ƙarfen kirki ma ana iya lanƙwasa shi daga yadda aka ƙera shi, kuma da shi ne Burutus, Burutus ne shi, da ba zai yarda a juya shi haka ba. Mutumin da ya faɗi wannan ya san abin da yake yi. Akwai kuma wani abu da malaminmu ya nuna mana. Turancin wancan zamani yana da lamiri iri biyu na wanda ake magana da shi, kusan yadda muke bambanta "kai" da "ku" wajen girmamawa. A gaban Burutus, Kasiyas na girmamawa yake amfani da shi, amma yana juya baya ya koma ɗayan. Ni wannan ya ishe ni shaida cewa ladabin da ya yi masa dabara ce.

Alhaji Lawal, Rafindaɗi:

Ɗana, ba a neman izinin saɓa wa malami a fagen ilimi, kuma batun lamirin nan gaskiya ne, na ji daɗin da ka kawo shi. Amma ban wanke Kasiyas ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wannan kuwa bai hana ƙadangare zama ƙadangare ba. Abin da nake so ka lura da shi shi ne gwanintar Kasiyas a kunne take. Ya saurari mutumin, ya gane inda tsagar take, ya kuma gane cewa Burutus ba zai taɓa yarda wani ne ya ja shi ba, dole sai ya ji kamar shi ya kai kansa. Dalilin wasiƙun ke nan, kuma shi ya sa aka rubuta su da hannu daban-daban kamar daga mutane da yawa suka fito.

Malam Sada, Ƙofar Soro:

Ranka ya daɗe Alhaji, ni na tashi a kusa da fada, saboda haka wanda ya fi ɗaukar hankalina a wasan nan shi ne Desiyas, ɗaya daga cikin masu ƙulla kisan, wanda ba a cika maganarsa a aji ba. Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, kuma fitowa ta biyu ta kashi na biyu tafsirin wannan karin magana ce. Kalfurniya matar Kaisar ta yi mafarkin gunkin mijinta yana tsiyayar jini ta kafofi da yawa, Rumawa suna wanke hannu a ciki suna murmushi. Ta durƙusa ta roƙe shi kada ya fita, ya amince, har ya yarda a je a gaya wa majalisar dattawa cewa ba shi da lafiya. Desiyas na shigowa sai harshensa ya sake. A gaban matarsa ya yarda da uzurin ciwo, a gaban namiji ɗan'uwansa kuwa ya ce shi Kaisar ba zai aika da ƙarya ba, a dai gaya musu ba zai zo ba domin haka ya ga dama. Mutum ɗaya, ɗaki ɗaya, cikin ɗan lokaci, amma shigowar baƙo ta fito da wani Kaisar dabam.

Desiyas bai musa mafarkin ba, domin bafade ba ya ce wa uwargida ta yi ƙarya. Sake masa fassara ya yi, ya ce jinin nan alama ce ta cewa Rum za ta sha rayuwa daga jikinsa. Sai ya ɗora da kwaɗaitarwa, cewa yau majalisa ta shirya ba shi kambu, idan bai je ba suna iya sake shawara. Ya rufe da abin da ya fi duka ciwo, cewa wani zai iya yin ba'a ya ce a ɗage zama sai ranar da matar Kaisar ta yi mafarki mai kyau. Nan take Kaisar ya ce a miƙo masa rigarsa. Abin da ya sa nake ganin wannan ya fi na Kasiyas ban tsoro shi ne Desiyas ya riga ya faɗa wa abokan ƙullinsa yadda zai yi tun da dare. Ya ce idan ya gaya wa Kaisar cewa shi ba ya son fadanci, sai Kaisar ya ce haka ne, alhali a lokacin ne fadancin ya fi kama shi. Duk wanda ya zauna a zauren wani babba ya ga irin wannan da idonsa.

Malama Hadiza, Daura:

Malam Sada, tun da ka kawo Kalfurniya, bari in ajiye ta kusa da Foshiya matar Burutus, domin marubucin da gangan ya jera su, fitowa ɗaya na bin ɗaya. Mata biyu, kowace ta durƙusa wa mijinta a daren nan ko wayewarsa. Kalfurniya da tsoro ta yi magana, ta lissafa abubuwan al'ajabin da masu gadi suka gani, ta kuma ba mijinta mafita ta ce ya ɗora laifin a kan tsoronta. Ta ci nasara na ɗan lokaci, Desiyas ya ƙwace. Foshiya kuwa ta san wanda take aure. Da Burutus ya ce ba shi da lafiya ne, ta ce mai hankali irinsa da ciwo ne da ya nemi magani, ba zai fito cikin raɓar dare ba. Ta tambaye shi ko aurensu ya tsaya ga cin abinci da kwana ne kawai, ta ce in haka ne to ita ba mata ba ce, dadiro ce. Ta tuna masa cewa ita 'yar Kato ce, wani dattijon Rum da ya shahara da mutunci, sannan ta nuna masa raunin da ta yi wa cinyarta da kanta don ta gwada ko za ta iya riƙe sirri. Duk wannan harshen mutunci ne, irin wanda Kasiyas ya yi amfani da shi, kuma shi kaɗai Burutus yake ji. Bambancin shi ne ita da gaske take.

Ina ƙara wa ɗalibaina mata cewa su karanta fitowa ta huɗu ta wannan kashi kafin su yanke mata hukunci. Matar da ta yi wancan dogon jawabi mai tsari, da sirrin ya shiga cikinta, sai ga ta tana korar yaron gida ya ruga majalisa ba tare da ta gaya masa saƙon da zai kai ba. Yankewar jimlolinta a wurin ta fi jawabin nuna irin son da take yi wa mijinta.

Malam Kabir, Ƙofar Ƙaura:

Na gode ƙwarai, na samu abin da zan koma aji da shi. Sai dai akwai abin da ya ƙara ɗaure mini kai bayan bayanin Baba. Idan Kasiyas ne gwanin juya mutane, me ya sa daga daren da Burutus ya shiga ƙungiyar bai sake cin gardama ko ɗaya a kansa ba? Ya ce a yi rantsuwa, Burutus ya ƙi. Ya ce a jawo Sisaro, dattijon majalisa gwanin magana, Burutus ya ce ba zai bi abin da wani ya fara ba. Ya ce a haɗa da Antoni a kashe, Burutus ya ce Antoni hannu ne kawai, in an sare kai hannu ba ya komai, kuma su masu yin hadaya ne, kada su zama mahauta. Bayan kisan ya ja shi gefe ya ce kada a bar Antoni ya yi jawabi a wajen jana'iza, Burutus ya ce shi zai fara hawa mumbari. A ƙarshe, da yaƙi ya tashi tsakaninsu da su Antoni, ya ce a tsaya a garin Sardis abokan gaba su zo su same su a gajiye, Burutus ya ce a tafi Filibi a gwabza a can. A batun Antoni sau biyu da batun Filibi, abin da ya biyo baya ya nuna Kasiyas ne da gaskiya.

Alhaji Lawal, Rafindaɗi:

Kabir, ka taɓo zuciyar wasan. Kasiyas ya sayi sunan Burutus ne domin jama'a su ga kisan da kyau, kuma Kaska, ɗaya daga cikin masu kisan, ya faɗi haka ƙarara, cewa abin da zai zama laifi a hannunsu, fuskar Burutus za ta mai da shi abin yabo. To wanda ya ari rigar wani don a ga girmansa ba shi da bakin ce wa mai rigar ya yi shiru. Ka duba batun Sisaro da kyau, akwai abin dariya a ciki. Kaska ya ce lalle kada a bar shi a baya, Burutus na yin magana, Kaska ɗin nan dai ya ce ai da ma bai dace ba. Layi kaɗan ne tsakanin maganganun biyu. Ligariyas kuma ya taso daga jinya da ɗaurin kai, ya ce zai bi Burutus ya aikata abin da bai ma san ko mene ne ba, ya ishe shi cewa Burutus ne a gaba. Mutumin da ake yi wa irin wannan biyayya, ina zai koyi sauraro?

Akwai kuma dalili na biyu wanda sai a kashi na huɗu yake fitowa, wato Kasiyas yana son Burutus da gaske. A rigimar da suka yi cikin tanti, Burutus ya zarge shi da cin hanci da sayar da muƙamai, ya kuma yi ƙorafin cewa ya aika neman zinariya don biyan sojoji an hana shi. Ku lura da wannan: yana cewa shi ba zai iya tatsar talakawa ba, amma yana neman kuɗin daga hannun wanda yake zargi da tatsar. Bai ji saɓanin da ke cikin maganarsa ba ko kaɗan. Kasiyas kuwa bai kare kansa da lissafi ba, cewa ya yi aboki shi ne mai jure raunin abokinsa, ya ce ba ka ƙaunata, ya zare wuƙarsa ya miƙa ya buɗe ƙirji. Wanda ya fara wasan yana lanƙwasa Burutus kamar ƙarfe ya dawo yana roƙon a so shi. Bayan sun shirya ne Burutus ya gaya masa Foshiya ta rasu, daga nan kuwa Kasiyas bai iya tsayawa kan gardamar Filibi ba.

Nura, ɗalibin jami'a, Katsina:

Baba, na karɓi wannan. Amma har yanzu ba a taɓa jawaban jana'iza ba, alhali su ne ake fi tambaya a jarrabawa. Abin da aka saba gaya mana shi ne Burutus ya yi magana da hankali a zube, Antoni ya yi magana da zuciya a waƙe, shi ya sa Antoni ya ci. Ni wannan bayani bai gamsar da ni ba, domin jawabin Burutus ya yi aiki. Jama'a sun yi masa sowa, sun ce a raka shi gida, a gina masa gunki.

Malam Sada, Ƙofar Soro:

Ƙanena, ka ƙarasa abin da jama'ar suka ce. Wani daga cikinsu ya ɗaga murya ya ce a naɗa Burutus ya zama Kaisar. Mutumin ya gama bayanin cewa ya kashe amininsa don kada Rum ta sami sarki, amsar da ya samu ita ce a ba shi sarautar. Da mai sauraro ne, da wannan kalma ɗaya ta hana shi barin wurin. Sai ya roƙe su su tsaya su ji Antoni, shi kuma ya tafi gida shi kaɗai. Jawabinsa ma ka duba yadda ya gina shi: ku yarda da ni saboda mutuncina, ku girmama mutuncina don ku yarda da ni. Ya ce Kaisar yana da dogon buri, bai kawo misali ko ɗaya ba. Tambayoyinsa kuma irin waɗanda ba a iya amsawa ne, wane ne a nan yake son zama bawa, ya fito. Wa zai fito?

Antoni kuwa an ba shi sharaɗi kada ya zargi waɗanda suka yi kisan, kuma a zahiri ya daɗe bai karya sharaɗin ba. Abin da ya yi mu a nan gugar zana muke ce masa. Ya kawo abu ɗaya da kowa ya sani, kamar kambun da ya miƙa sau uku Kaisar ya ƙi karɓa sau uku, sai ya ce amma Burutus ya ce mai buri ne, Burutus kuwa mutumin kirki ne. Ya yi ta maimaitawa har kalmar ta yi tsami a bakin jama'a, su da kansu suka fara kiran mutanen maciya amana kafin shi ya furta. Duk maroƙin da ya iya zambo ya san wannan hanya, a yi ta yabon mutum da abin da ba shi da shi har 'yan kallo su fara dariya. Sannan ya yi abin da Burutus bai yi ba: ya tsaya. Ya ce zuciyarsa tana cikin makara tare da Kaisar, a ba shi lokaci. A wannan shirun ne mutane suka juya suna magana da juna, shi kuma yana jin inda suka kai.

Malama Hadiza, Daura:

Ina so in ƙara abu biyu a kan na Malam Sada, domin kada ɗalibai su fita da tunanin cewa Antoni gwarzon amana ne kawai. Na farko, da ya sauko daga mumbari ya ɗaga alkyabbar Kaisar, ya riƙa nuna huda ɗaya bayan ɗaya, yana cewa nan wuƙar Kasiyas ta bi, nan ta Kaska, nan ta Burutus. Antoni ba ya wurin lokacin da aka yi kisan, Tireboniyas, ɗaya daga cikin masu ƙullin, ya janye shi waje tun kafin a fara. Ba shi da hanyar sanin wace huda ce ta wa, kuma babu wanda ya tambaye shi. Bayan wannan ne ya ce shi ba gwanin magana ba ne kamar Burutus, mutum ne mai faɗin abu yadda yake. Na biyu, wasiyya. Ya nuna ta, ya ƙi karantawa, ya bar su suna roƙo, har suka tashi za su ƙona gidaje sun manta da ita, shi ya kira su ya karanta musu cewa kowane ɗan gari yana da dirhami 75, ga kuma lambunan Kaisar sun zama na jama'a. To ku buɗe farkon kashi na huɗu. Antoni ɗin nan yana zaune da Oktabiyas magajin Kaisar da abokin mulkinsu Lefidus suna ɗiga alama a kan sunayen waɗanda za a kashe, ya yarda a haɗa da ɗan 'yar'uwarsa, sannan ya aiki Lefidus ya ɗauko wasiyyar don su ga yadda za a rage abin da aka bar wa mutane. Lefidus na fita ya kwatanta shi da jakin da ake ɗora wa zinariya.

Ban ce bai so Kaisar ba. Maganar da ya yi shi kaɗai a kan gawar, bayan ya gama gaisawa da hannuwan da ke da jini, babu mai jinsa balle a ce don wani ya yi, kuma cike take da baƙin ciki na gaske. Amma son da yake yi wa mamacin bai hana shi cin kasuwa da gawar ba. Wanda ya fara biyan kuɗin jawabin nan kuwa wani mawaƙi ne mai suna Sinna, wanda 'yan zanga-zanga suka kashe don sunansa ya zo ɗaya da na wani daga cikin masu kisan, yana ta ce musu shi mawaƙi ne.

Alhaji Lawal, Rafindaɗi:

Ga ɗan tarihi domin Nura. An kashe Kaisar ranar 15 ga Maris, shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, yaƙin Filibi kuma a shekara ta 42. Shekisfiya ya rubuta wasan wajen 1599, an buga shi a 1623, kuma ya ɗauko labarin daga littafin Fulutak na tarihin manyan mutane, wanda aka fassara zuwa Turanci a 1579. Fulutak ya ambaci rigar mai jini da dirhami 75, amma bai kawo jawaban nan kalma da kalma ba. Saboda haka maimaita kirkin Burutus, da tsayawar nan a tsakiya, da jan rai da wasiyya, aikin marubucin wasan ne. Ya kuma matse kwanaki, ya haɗa kisa da jana'iza a yini ɗaya, ya haɗa karon Filibi guda biyu da ke da makonni a tsakani ya mai da su rana ɗaya, domin kada maganar wani ta huce kafin a ga abin da ta haifar.

Malam Kabir, Ƙofar Ƙaura:

Allah ya saka da alheri Baba. Saura batun amana, wanda nake ganin a kashi na biyar ya fi fitowa, kuma a bakin ƙananan mutane masu gajeruwar magana. Kullum nakan fara gaya wa yara cewa kashe kai haramun ne a wurinmu, su Rumawan wancan zamani ne suke ɗaukarsa mutunci, sannan mu duba abin da aka faɗa. Findarus bawa ne da Kasiyas ya kama a yaƙi, ya soke ubangidansa bisa umarni, ya ce ga shi ya sami 'yanci amma da son ransa ne da bai same shi ta wannan hanya ba, ya gudu. Titiniyas abokin Kasiyas ya dawo da albishir ya tarar Kasiyas ya mutu domin ya ɗauka abokan gaba sun kama shi, shi ma ya kashe kansa. Lusiliyas, ɗaya daga cikin hafsoshin Burutus, ya ce shi ne Burutus don a kashe shi a madadinsa, Antoni ya gane shi ya ce a kula da shi, gara irinsa ya zama aboki da ya zama abokin gaba. Mutum uku Burutus ya roƙa su taimaka masa ya mutu suka ƙi, baransa Sitirato ya yarda ya riƙe masa takobi, sharaɗinsa kawai a fara ba shi hannu su yi sallama.

Malama Hadiza, Daura:

Kafin nan kuma Burutus ya ce abin da yake faranta masa rai shi ne duk tsawon rayuwarsa bai taɓa haɗuwa da wanda ya ci amanarsa ba. Ya mutu bai san wa ya rubuta wasiƙun ba, kuma wanda ya soki amininsa ne yake wannan magana. Amma Malam Kabir, ina da tambaya a kan Sitirato da nake so ka kai wa ɗalibarka. Gawar ubangidansa na kwance, Oktabiyas ya ce zai ɗauki duk waɗanda suka yi wa Burutus hidima, ya tambaye shi ko zai zauna da shi. Sitirato ya ce zai zauna, in Mesala, babban hafsan Burutus, ya miƙa shi. Mesala ya tambaye shi yadda Burutus ya mutu, ya ce shi ya riƙe takobin, Mesala ya ce wa Oktabiyas ya ɗauke shi. Ni na karanta wannan a matsayin bara mai sanin ƙa'ida, wanda ba ya sauya gida sai da izinin na gaba da shi. Wata abokiyar aikina kuwa ta ce ita sauya sheƙa ta gani tun jini bai bushe ba.

Malam Kabir, Ƙofar Ƙaura:

Zan kai mata ranar Litinin in Allah ya kai mu, Malama. Zan sa yara biyu su karanta layukan Sitirato da babbar murya, ɗaya ya amsa nan take, ɗaya ya ɗan yi shiru ya dubi Mesala kafin ya amsa, sannan in tambayi ajin wanne ne suka yarda da shi.